Yadin da Callum Ya Kawo Kasuwa

Ku da kuke bibiyar labarin nan nawa, yau ku yi min uzuri in kun ga zancen ya karkace, don kaina a kulle yake tamau. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Vilja Hartikainen, shekaruna ashirin da bakwai, ina sayar da kalakukko a rumfar mahaifiyata cikin zauren kasuwar Kuopio. In kun taɓa ratsa dandalin da safe ƙamshin baƙin burodi mai kifi a ciki ya ja ku ta hanci har ƙofar zauren, to namu ne. Äiti, wato mahaifiyar tawa, ita ce ke gasawa, ni nake sayarwa da murmushi.

Damuwata guda ce, sunanta Callum. Ɗan Ingila ne, mutumin Sheffield, yana zuba wa mutane giya a mashayar da ke kwanar bayan kasuwa. Mun fi shekara muna tare. Sai ga shi ciwon zuciya ya kwantar da babansa, tasu mashayar ta can unguwarsu ba mai riƙewa, aka ce dole ya koma ƙarshen watan Maris. Ya gaya min ranar tafiya, ya gaya min sunan likitan babansa, har sunan karen maƙwabcinsu na sani. Abu ɗaya ne bai faɗa ba: ni ina matsayina? Mutumin da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri, wanda zai iya cika maka kunne da zancen ruwan sama daga safe har rana ta faɗi, da an zo kan maganarmu sai kunnuwansa su yi ja ya hau goge kofin da ya riga ya goge.

Äiti kuwa ba ta taɓa cewa kada in bi shi ba. Ai da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Nata salon shi ne ajiyar zuciya. Da na ambaci Ingila sai ta hau murza wuyan hannunta mai ciwo, ta dubi hoton yayata Annika da ke manne jikin firji. Annika ta tafi Göteborg, can ƙasar maƙwabta, da sunan shekara ɗaya, yau ga ta da 'ya'ya biyu da ba sa jin yarenmu, ba ma ganinta sai bikin tsakiyar bazara. Tun da Babanmu ya rasu, daga ni sai Äiti a gidan.

Ranar Alhamis da safe ina jera burodi, Sirkka-täti, wato inna Sirkka, ƙanwar Äiti mai sayar da kifi a rumfar da ke kallon tamu, ta leƙo tana goge hannu a jikin rigar aikinta.

"Ke 'yar nan, kin san yau nawa ga wata?"

"Ashirin da tara."

"Ga wane wata?"

"Fabrairu mana, täti. Tsufan ne ya fara taɓa ki?"

"Tsufa ya taɓa uwarki. Ranar da ba ta zuwa sai bayan shekara huɗu, ke kina nan kina jera burodi kamar wadda aka yi wa asiri! Yau mace ke neman aure. Ki je ki tambayi Kallen naki, ki huta, mu ma mu huta da wannan fuskar taki."

Kalle suke ce masa, don bakinsu ya ƙi Callum.

Na ce, "In ya ce a'a fa?"

"Sai ya saya miki yadin siket, dole ne, haka aka gada. Ta ina kika yi asara? Ni siket uku na samu ta wannan hanyar, kuma duk sun fi mazan ƙarko."

Mai sayen kifin da ke tsaye ya tuntsire da dariya. Na saci kallon Äiti. Tana yanka burodi, ba ta ɗago ba, amma wuƙar ta tsaya a tsakiya na ɗan lokaci kafin ta ci gaba.

Ku faɗa min gaskiya, in ku ne me za ku yi? Ni dai da rana ta yi na ce zan je gida in dawo. Na saka koriyar rigata ta ulu mai dogon hannu, wadda Callum ya taɓa cewa ta dace da idona, na saka 'yan kunnen azurfa da Annika ta bari, na ɗaure gashina na kwance, na sake ɗaurewa na sake kwancewa. Na shafa jan baki, na ga kamar ya yi yawa na goge, sannan na ga fuskata ta yi fayau kamar ta majinyaciya na sake shafawa. Duk wannan kwalliya kuma na lulluɓe ta da ƙatuwar kwat da hular ulu, don sanyin ranar ba ya jin rarrashi.

Mashayar ba kowa sai tsoho Veikko a kujerarsa ta kusa da taga, yana shan miyar wake ta ranar Alhamis yana kallon masu tseren ƙanƙara a talabijin. Veikko ya fi kujerun wurin daɗewa. Callum na bayan kanta, ya naɗe hannun riga, yana ganina ya washe baki.

"Vilja! Kai, wannan kwalliya fa? Wani ya mutu ne, ko wani zai yi aure?"

Kun ji fa. Shi ya buɗe ƙofar da kansa. Na dafa kantar da hannu biyu.

"Callum, ka san yau nawa ga wata?"

"Na sani. A garinmu ma ana cewa yau mata ke..." Sai ya tsaya. Kunnuwan nan suka fara.

Na ce, "To na zo. Za ka aure ni?"

Haka kawai na faɗa, ba kwana-kwana, abin da ba a san mutumin yankinmu na Savo da shi ba. Mu da aka ce in muka buɗe baki alhakin gane nufinmu ya koma kan mai sauraro. Har Veikko sai da ya ajiye cokali.

Callum ya buɗe baki ya rufe. Ya ɗauki kofi ya ajiye. "Vilja... ni... yi haƙuri, tsaya... wayyo Allah."

Daidai lokacin ƙofa ta buɗe, ɗaliban jami'a suka ɓarko da kayansu masu launi na ranar Alhamis, suna ihu suna buga ƙafa don kakkaɓe ƙanƙara, kowa na miƙo hannu. Ya leƙo ta saman kawunansu ya kama yatsuna.

"Gobe! Gobe da safe zan zo kasuwa da amsata. Ina so in yi shi yadda ya kamata, irin na garinku. Don Allah, gobe."

Na fito ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Wanda zai ce eh, me zai hana shi faɗa nan take? Wanda kuma zai ce a'a, me ya sa ya matse min yatsu haka? Maimakon in koma rumfa sai na gangara bakin tafki, na yi ta tafiya ina kallon masu kamun kifi zaune kan ƙanƙara kowa da raminsa, har hancina ya daina jin komai. Da na dawo kasuwa, Sirkka-täti ce ke tsaron rumfarmu.

"Ina Äiti?"

"Ta ce za ta kantin magani, wai man shafawar hannunta ya ƙare. To, yaya? Siket ko miji?"

"Gobe."

"Gobe? Hm. Ɗan Ingila da kinibibi."

Da yamma Äiti ta shigo gida, hannunta ba komai. Na ce, "Ina man?"

Ta rataye kwat ɗinta tana ba ni baya. "Ƙila ya ƙare a wurinsu. Ƙila kuma ban tambaya ba."

Ban sa abin a raina ba, don haka take magana tun ina goye. Na ɗauki waya na rubuta wa Callum: "Na tsorata ka ne?"

Ya amsa: "A'a! Ki kwantar da hankalinki. Na samu wanda ya koya min komai."

"Komai na me?"

Ya turo hoton fuska mai rufe baki da yatsa. Shi ke nan. Na juya saƙon nan a kaina ta kowace fuska, ban samu inda zan kama ba.

Ranar Juma'a kasuwa ta cika, kowa na sayen burodin ƙarshen mako. Ina ba wata mata canji na ji zauren ya ɗan lafa, irin lafawar da ake yi in baƙon abu ya shigo. Na ɗago. Callum ne, cikin baƙar kwat da laktaye, ya kwantar da gashi da mai, takalminsa na ƙyalli duk ya jiƙe da ƙanƙara. Ban taɓa ganinsa haka ba. Zuciyata ta yi tsalle, na ce a raina shi ke nan, na samu.

Sai idona ya sauka kan abin da ya rungume.

Ƙunshi ne babba, cikin takarda ruwan ƙasa da shuɗin zare. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san wannan takarda. Shago ɗaya ne ke ƙunshi haka, tsohon shagon yadi na layin coci.

Ya tsaya a gaban rumfarmu, ya gyara murya, ya miƙo da hannu biyu. Da ƙarfi ya yi maganar, kalma-kalma, da yarenmu, da ji ka san haddacewa ya yi.

"Vilja Hartikainen. Jiya kin tambaye ni. Ga amsata, bisa al'adarku, a gaban jama'a."

Kuma yana murmushi! Haƙoransa duka a waje!

Zauren ya yi tsit. Mai naman da ke gefe ya tsaya da wuƙa a sama. Wata tsohuwa ta ce, "To fa." Can baya wani ya kasa riƙe dariya ya mayar da ita tari. Sirkka-täti, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta dafe ƙirji da hannun da ke riƙe da kifi.

Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. An ƙi ni. Ba a ɓoye ba, ba ta waya ba, a tsakiyar kasuwar da aka san ni tun ina rarrafe a ƙarƙashin kanta. Kuma wanda ya ƙi ni ya ci kwalliya don ya zo ya ƙi ni. Na karɓi ƙunshin, ko zaren ban taɓa ba, na tura shi ƙarƙashin kanta da ƙafa.

"Na gode," na ce. Muryata kamar ba tawa ba.

Murmushinsa ya fara yin sanyi. "Ba za ki buɗe ba?"

Na kwance rigar aiki na ajiye. Na kalli Äiti ko za ta ce wani abu, ko da zagi ne ta yi masa. Tana tsaye jikin tanda, fuskarta ba ta nuna komai, sai murza wuyan hannu take yi. Na ɗauki kwat ɗina na fice ta ƙofar gefe. Ina jin yana kira, "Vilja? Misis Hartikainen, me na yi? Vilja!"

A dandalin akwai tantin mai gahawa da ba ya tashi ko ana zuba ƙanƙara. Nan na faɗa, na zauna can kusurwa kusa da na'urar ɗumama wuri, na karɓi gahawa da pulla, ɗan burodin nan mai zaƙi, na kasa cin ko loma. Waya ta fara kaɗawa a aljihuna, saƙonnin Callum ne ke ta shigowa.

"Launin ne bai yi miki ba?"

"Mai shagon ta ce ana iya canzawa."

"Mita shida ne. An ce min zai ishe ki."

Mita shida! Jama'a, siket nawa ne ke cin mita shida? Wato bayan ya ƙi ni, yana kuma gaya min na yi ƙiba? Na dubi pullar da ke gabana na ture ta gefe. Amma kuma Callum ɗin da na sani ko ƙuda ba ya iya kashewa sai ya ba shi haƙuri. Yaushe ya koyi mugunta irin wannan? Ko dama haka 'yan Ingila suke, su yanka ka suna murmushi? Na rubuta: "Allah ya kai ka Sheffield lafiya." Na toshe lambarsa, na kifa wayar, sannan hawayen suka zo.

"Gahawar nan da gishiri ake shanta yanzu?"

Veikko ne. Ya jawo kujera ba tare da an ce masa bismillah ba, ya ajiye hularsa a kan gwiwa, ya jawo pullar da na ture ya gutsira.

Na ce, "Veikko, don Allah ka ƙyale ni."

"Na ƙyale ki mana. Ni da pulla nake magana." Ya tauna a hankali. "Jiya bayan fitarki yaron nan ya bar ɗalibai suna ihu ya zo ya tsugunna a gabana. Wai Veikko, in mace ta nemi namiji a garin nan, yaya ake amsa mata? Na ce ɗana, ni ba a taɓa nemana ba, wadda na nema ma da ƙyar ta yarda. Irin wannan tambaya uwar yarinya ake yi wa."

Na ɗago. "Ya je?"

"Ƙila ya je. Ƙila bai je ba."

"Veikko!"

"Ni dai ta tagata na hango mutum biyu sun bi layin coci. Ɗaya kunnuwansa ja. Ɗayar kuma, in ba Marjatta ba ce, to wata ta sace mata kwat." Ya kakkaɓe gari daga gemunsa. "Baƙo makaho ne ko yana da ido. Inda aka ja masa sanda nan yake bi."

Marjatta sunan Äiti ne. Na ji sanyi ya ratsa ni, ba irin na waje ba. Man shafawa. Ƙila ya ƙare, ƙila ban tambaya ba. Na buɗe lambar Callum na kira. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ya ɗauka.

"Vilja! Yi haƙuri, yi haƙuri, ban sani ba, na rantse ban sani ba! Innarki ta zaunar da ni a kan akwatin kifi ta yi min bayani, ta kuma ce ni jaki ne."

"Wa ya ce ka kawo yadi?"

Ya hau kame-kame. Har a nan yana ƙoƙarin rufa mata asiri.

"Callum."

"Mamanki. Ta ce a nan namiji ba ya amsawa da baki, da yadi yake amsawa, kuma a gaban mutane. Ita ta raka ni shagon. Na ɗauka... Vilja, na ɗauka ta karɓe ni ne. Har rungume ta na yi."

"To amsar me ka zo bayarwa?"

"Eh mana! Eh! Me kike tsammani? Tun jiya na kira babana, yana kwance amma ya sa an ba duk unguwa giya kyauta. Na so in tambaye ki tun kafin Kirsimeti, na kasa, don na ga mamanki ba ta da kowa sai ke. Wane ni in ce ki bar ta? Sai ga ki jiya kin zo da kanki." Ya ja numfashi. "Akwai ɗakuna biyu a saman mashayar. Tagar tana kallon tudu, ba tafki ba ne, amma ba laifi. Za ki zo, ko?"

Farin ciki ya cika ni har sai da na dafa tebur. Yana sona. Amma daɗin bai gama sauka ba na farga da wani abu. Ku yarda da ni, duk jiya da nake shafa jan baki ina gogewa, tsoron a'a kaɗai nake ji. Ban taɓa zama na tambayi kaina me eh take nufi ba. Eh tana nufin Sheffield. Tana nufin hoto na biyu a jikin firji.

Na ce, "Zan kira ka." Na kashe.

Na koma zauren a fusace, na tarar an ja labulen rumfarmu. Ranar Juma'a, da rana tsaka! Äiti da ko ranar da aka binne Baba sai da ta gasa burodi. Sirkka-täti ta ɗaga min hannu tun daga nesa.

"Kada ki tambaye ni, ba ruwana. Ta ɗauki ƙunshin ta tafi gida. Ke, in kin je ki yi a hankali. Uwarki ce, ko da ta yi hauka."

A cikin bas na shirya maganganu masu zafi, na jera su tsaf. Zan ce ta kunyata ni a gaban duniya. Zan ce ta yaudari mutumin da ya rungume ta da zuciya ɗaya. Zan ce abin da ya kori Annika ke nan, wannan ajiyar zuciyar da murza hannun. Wannan ta ƙarshe ma na san in na faɗa ba za ta goge ba, amma na riƙe ta.

Na buɗe ƙofa, ko takalmi ban tsaya cirewa ba, na taka mata shimfiɗar tsummoki da take ji da ita na shiga kicin.

Maganganun duka suka zube.

Ta janye tukunyar fure da kwandon burodi daga kan teburin cin abinci. Ta fito da tsohon keken ɗinkin kakarmu da ke cikin kabad tun ina makaranta. Yadin yana shimfiɗe a kan teburin, ya zubo ta gefe har ƙasa. Fari ne. Fari kamar madara, mai santsi, da 'yan ƙananan furanni da ba ka ganinsu sai haske ya bugi wurin.

Äiti na zaune, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo a wuya, almakashi a gabanta. Ba ta kalle ni ba.

"Cire takalmin nan, kina jiƙa min ɗaki."

Na cire. Ban san dalili ba, amma na cire.

"Äiti, me ya sa?"

Ta shafa yadin da tafin hannu, ta daɗe tana shafawa.

"Ya zo min yana haki kamar ɗan kare, wai in koya masa. Na ce a raina, Marjatta, ga dama ta zo har gida. Ya kawo yadi, yarinya ta yi fushi, ya hau jirginsa, a wuce wurin. Kafin ku gane, teku ta raba ku." Ta gyara tabarau. "Toka-toka na je saya. Mai kauri, na siket ɗin sanyi, mita ɗaya da rabi. Har mai shagon ta sauko da shi."

"To wannan fa?"

"Yana tsaye yana ba ni labarin yadda ya fara ganinki, wai kin ba shi burodi ya ci da ƙayar kifin duka don kunyar ya tofar a gabanki. Yana ta zuba, rabi ma ban gane ba. Da na farga, hannuna na kan wannan. Mai shagon ta ce mita nawa, na ji bakina ya ce shida." Ta kalli hannun nata kamar na wata. "Wannan hannun dama ba ya jin magana."

Na ja kujera na zauna. Fushin na nan, ban ce ya tafi ba, amma na rasa inda zan ajiye shi. Matar da ta tona min rami ita ce ta zaɓa min farin yadi. Ta sa an ƙi ni a bainar jama'a, kuma da yadin rigar aure aka ƙi ni.

"To me kike so? So kike in tafi, ko in zauna?"

"Ƙila..."

"A'a, Äiti. Yau ba ƙila. Sau ɗaya dai a rayuwarki."

Ta cire tabarau ta ajiye. Idanunta sun yi ja. Tun da nake ban taɓa jin ta faɗi abu kai tsaye ba, ko farashin burodi sai ta zagaya.

"Ina so ki zauna," ta ce. "Ina so ki zauna har ba na iya barci. In kin tafi zan rufe rumfa, don hannun nan ba zai iya shi kaɗai ba, kuma zan riƙa magana da firji." Ta murza wuyan hannunta. "Amma ɗazu na ga fuskarki lokacin da kika karɓi ƙunshin nan. In haka za ki zauna, ba na so."

Kuka ya ƙwace min. Ita ba ta yi ba, ta turo min ƙyallen goge hannu kawai. Sannan ta ɗauki almakashin, ta juya shi, ta miƙo min ta wajen mariƙin.

"In siket ne, a nan za a yanka," ta aza yatsa kusa da bakin yadin. "Sai mu rina shi, ragowar a yi labule. In kuwa ɗayar ce, ba a yanka a nan ba, tashi za ki yi in gwada ki. Ni na yi nawa shirmen, na gama. Ke za ki yanka."

Na karɓa. Almakashin kakarmu ne, mai nauyi, ƙarfen ya yi sanyi a hannuna.

Sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Ta tagar kicin na hango shi a bakin matakala, cikin baƙar kwat ɗin nan da takalmi mai ƙyalli, ba hula, ƙanƙara ta taru masa a ka, kunnuwan sun yi jawur. Bai sake dannawa ba. Tsaye yake kawai yana jira, yana motsa baki, na san haƙurin da zai bayar yake haddacewa.

Äiti ta leƙa, ta yi tsaki a hankali.

"Yaron nan zai mutu da sanyi. Ko hula ba wanda ya koya masa sakawa." Ta miƙe, ta ɗauko hular Baba da ke rataye a bayan ƙofa tun ranar da ya rasu, wadda ba ta taɓa barin kowa ya taɓa ba. Ta tsaya da ita a hannu, ɗaya hannun a kan mariƙin ƙofa, ta juyo ta dube ni.

"In buɗe?"

Ga almakashi a hannuna, ga farin yadi a gabana, ga yatsan Äiti ya bar ɗan lotsi daidai inda ta ce a yanka. Ni da na tsaya jiya a gaban kanta na nemi a ba ni amsa ɗaya tak, yau mutum biyu sun ba ni tasu ba kwana-kwana, sun tsaya suna jiran tawa.

Na buɗe baki, kun san abin da ya fito?

"Ƙila," na ce.

Äiti ta dube ni, ta dubi hular, ta murɗa mariƙin ƙofar.